Akwatin nan mai shuɗin haske da na saya don kayan aski: abin da na gani a wata 14

Shekarata 11 ina riƙe da kilifa, kuma a duk kayan da na taɓa saya don wannan sana'a babu wanda ya jawo mini yabo kamar akwatin nan mai shuɗin haske. Babu kuma wanda ya sa na sunkuyar da kai gaban uban yaro kamarsa. Abokan sana'a sun dame ni da tambaya ko su ma su saya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, ni ma in huta.

Ga wanda bai san shi ba, akwati ne na ƙarfe da bai wuce girman ƙaramar talabijin irin ta da ba. Ƙofarsa ta gilashi ce, a ciki akwai faranti biyu na waya, a can sama kuma fitila doguwa siririya kamar yatsa. Ka zuba kaya, ka rufe, ka murɗa agogonsa, sai ciki ya cika da haske shuɗi. A jikin kwalin an rubuta da manyan baƙaƙe cewa yana kashe ƙwayoyin cuta. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don irinsa sun cika kasuwa, tambari kawai ake canzawa.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. Ƙirarsa ba ta da laifi. Wata 14 ana buɗe ƙofar nan ana rufewa sau da yawa kullum, ba ta saki ba, agogon bai tsaya ba. Ba ya ƙara, ba ya cin wuta. Yana da wani ɗan maɓalli a bakin ƙofa wanda ke kashe fitilar da zarar an buɗe, kuma daga baya na gane wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hasken yana ƙona ido da fata. Duk wanda zai saya ya duba wannan maɓallin kafin komai. Abin da ya ba ni haushi tun ranar farko shi ne kilifa mai igiya ba ta shiga a rufe ƙofar, sai mai caji. Takardar bayaninsa kuma shafi ɗaya ce tal, babu inda ta ce a wanke kaya kafin a saka, babu inda ta ce fitilar tana tsufa. Waɗannan layuka biyu da ba a rubuta ba su ne duk labarin da zan ba ku.

Kwastomomi kam sun so shi. Mutum zai zauna a kujera, idonsa a madubi, yana hango shuɗin hasken a bayansa, sai ka ga kafaɗarsa ta sauka. Wani dattijo da ya shekara yana zuwa da kilifarsa a cikin jaka, da ya ga akwatin sai ya ce, "Ɗana, ai yanzu na huta da ɗaukar kaya." Na ji daɗin maganar har cikin raina. Ashe da na san abin da na sani yau, da na roƙe shi ya ci gaba da ɗauko jakarsa.

Ga abin da akwatin ya yi mini, kuma laifina ne kafin ya zama nasa: ya koya mini lalaci. Da can, tsakanin kai da kai, nakan sa burushi in kakkaɓe haƙoran kilifa sosai, in fesa sifirit, in goge. Ba cikakkiyar tsafta ba ce, amma hannu yana aiki. Da akwati ya zo, sai na koma hure kilifar da baki, in cilla ta ciki, in murɗa agogo, in kakkaɓe mayafin kwastoma, in ce na gaba ya hau. Minti 2, in layi ya yi tsawo ko minti 1 ba a cikawa. Yaran shagona biyu suka ga abin da maigida ke yi, suka ɗora.

Wata na biyar da sayensa wani mutum ya shigo riƙe da hannun ɗansa, yaro ɗan shekara 7 da nake yi wa aski tun yana kuka a kujera. Bai ɗaga murya ba. Ya jira na sallami wanda ke kan kujera, ya ce, "Malam, ba faɗa na zo yi ba, zo ka duba mini nan." Ya juya kan yaron. A bayan kunne akwai wuri zagayayye kamar an ɗora murfin kwalba an zana, gashin wurin ya kakkarye guntu-guntu, fatar ta yi fari-fari tana ɓarewa, ga ɗigo-ɗigon baƙi inda gashi ya guntule daidai fata. Makero. Kwana 12 ke nan da na yi masa aski. Na buɗe baki zan ce ai yara a makaranta suke ɗaukowa, wanda gaskiya ne, suna ɗaukowa. Amma uban ya kalli akwatin, ya kalle ni, ya ce, "Na ɗauka wannan abin yana hanawa." Sai na rasa ta cewa. Kafin mako 3 wani saurayi da na yi wa askin nan da ake kankare gefe da ƙeya ya dawo da jan zobe a wuya yana sosawa. Ba zan iya rantsuwa daga hannuna suka samu ba, amma mutum biyu da ba su san juna ba, abin da ya haɗa su kujerata ce kawai.

Yaron ya sha magani mako 6. Uban ya ce da farko man shafawa suka saya suna ta goga masa, likita ya ce ɓata lokaci ne, domin makeron kai yana shiga cikin silin gashi ne, inda man shafawa ba ya kaiwa, sai an haɗiye ƙwaya irin su griseofulvin ko terbinafine. Ya kuma sa aka duba ƙannen yaron, aka wanke mataji da rigar matashi da hula. Ni kuwa kullum in na ga yaron da wannan fili a kai sai cikina ya juya.

Wanda ya buɗe mini ido wani kwastoma ne da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Na ba shi labari ina yi masa gyaran fuska, sai ya ce in bari zuwansa na gaba. Ya dawo da wasu 'yan katuna rawaya, irin waɗanda ke sauya launi in hasken UV-C, wato hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta a irin wannan akwati, ya dake su. Bayan an tashi daga aiki muka rufe shago muka gwada. Kati ɗaya muka shimfiɗa a fili a farantin sama. Na biyu muka ɗora mataji a kansa. Na uku muka yanka siriri muka zura ƙarƙashin bakin kilifa, muka kwantar da ita yadda na saba kwantarwa. Na huɗu muka sa a kusurwar farantin ƙasa, ƙarƙashin sauran kaya. Muka ba shi minti 15 cif, ba irin minti 2 nawa ba.

Gani ya kori ji. Na farko ya koma ruwan hoda sosai, wato fitilata ta gaske ce, ba irin ta bogin da ke ba da shuɗin launi kawai ba. Na biyu ya fito da hoton mataji a jikinsa, haƙori-haƙori: inda haske ya ratsa ya sauya, inda inuwar haƙori ta faɗa yana nan rawaya kamar ba a taɓa shi ba. Na uku, wanda ke ƙarƙashin bakin kilifa, bai sauya ko ɗis ba. Na huɗu ya ɗan yi duhu a gefe ɗaya, shi ke nan. Ya ɗaga na uku ya ce, "Oga, nan ne wurin da yake taɓa fatar mutane." Ya yi mini bayani cewa hasken da ke aikin, mai tsawon zango nanomita 254, ido ba ya ganinsa ma, shuɗin da muke kallo rakiya kawai ya yi. Yana lalata ƙwayar halittar ƙwayoyin cuta, amma sai wadda ya haska kai tsaye. Ba ya shan kwana, ba ya ratsa datti ko mai ko busasshen jini, ko gilashin ƙofar akwatin bai iya wucewa, shi ya sa muke tsayawa gabansa lafiya. Ya ce a wasu jihohin Ostareliya hukumomin lafiya sun rubuta ƙarara cewa irin wannan akwati ba ya tsarkake kayan aiki. Tsarkakewa ta gaske, irin ta kayan tiyata, sai tukunyar tururi mai zafin digiri 121.

Sannan ya ce in ɗauko sukuddireba in kwance bakin kilifar. Na kwance ƙusoshin biyu, na ɗaga ƙarfen sama. Wallahi na ji kunya. Tsakanin ƙarfen biyu, da cikin ramin da ke bayansu, akwai wani abu kamar tsumma, baƙi, dunƙule: garin gashi da amosanin ka da man kilifa sun cakuɗe sun daskare. Na sa tsinke na ɗago shi ya taso gaba ɗaya kamar fatar maciji. A gefe guda launinsa ya yi ja-ja mai duhu, kuma ban tsaya tambayar ko tsatsa ce ba. Wannan abin ne nake sakawa a akwati kullum in kunna masa fitila. An yi ba a yi ba, rufe ƙofa da ɓarawo.

Ƙwayar da ke kawo makeron nan dangin funfuna ce, ɗaya daga cikinsu sunanta Trichophyton tonsurans, kuma irinta kan yi watanni a raye a jikin mataji ko burushi ko gashin da ya zube. Mutum ma zai iya ɗauke da ita a kansa ba tare da ko tabo ba, saboda haka duba kan kwastoma da ido ba ya wadatarwa. Kuma ba matsalar talaka ko ƙazami ba ce: a 2024 jaridun Jamus sun yi ta kawo labarin samarin da ke kamuwa da ita bayan sun je aski, musamman masu son a kankare musu gefe har fata. Dalilin a fili yake ga duk mai riƙe kilifa. In ka matse haƙoranta don ta ci ƙasa-ƙasa, tana yi wa fata ƙananan ƙarzuna da ido ba ya gani, ƙofa ke nan ta buɗe. Ta nan ne kuma bakteriya irin Staphylococcus ke shiga gindin gashi, mutum ya tashi da ƙuraje masu farin baki a gemu ko ƙeya.

Makero dai ana warkewa. Abin da ya hana ni barci shi ne zancen jini. Kwastoma in zai tambaya, ƙanjamau yake tambaya, kullum ita ce a bakin mutane. Amma ƙwayar ƙanjamau ba ta jure zama a waje. Wadda ke jurewa ita ce ta ciwon hanta nau'in B: tana iya kwana 7 ko fiye a busasshen jini tana nan da ƙarfinta, kuma ta fi ƙanjamau saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Masu bincike a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu sun karɓi kilifa 50 daga hannun masu aski suka gwada, suka wallafa a 2018. Kashi 42 cikin 100 akwai alamar jinin mutum a jiki, guda 4 akwai alamar ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ba a samu ta ƙanjamau ko a ɗaya ba. Samun alamar ƙwaya a ƙarfe ba ya nufin lallai wani ya kamu, amma ni da na ga abin da ke ƙarƙashin bakin kilifata ban buƙaci ƙarin wa'azi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da wannan ciwo a 2022, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Wanda bai san yana da abu ba, ta yaya zai gaya wa mai aski?

Sai na tuna ni kaina sau nawa reza ta yanke ni a yatsa ina tsakiyar gyaran fuskar wani. Na je aka gwada ni, aka ce ba ni da shi, aka fara yi mini allurar rigakafi, guda 3 cikin wata 6. An ce wanzami ba ya son jarfa, kuma na tabbatar: ni da ke wasa da reza a maƙogwaron mutane, da na ga allura sai da na kau da kai. Yaran shagona biyu ma na tura su. Nau'in C ba shi da rigakafi, shi sai kiyayewa, ko da yake yanzu akwai maganin da ke warkar da shi.

Bari in ɗan ratse in kare mu masu aski a kan abu ɗaya. Ƙurajen nan masu tauri da ke fitowa a ƙeyar wasu maza, su yi ta girma har su haɗe su zama tudu, kullum a kanmu ake ɗora su, wai ƙazamar kilifa ce. Likitocin fata sun ce ba ɗauka ake yi daga wani ba. Sun fi samun masu murɗaɗɗen gashi, kuma yawan kankare wurin da gogar kwalar riga suna tsananta su. Laifinmu a nan shi ne mu hau kansu da kilifa. Suna fashewa da wuri, su yi jini, jinin ya shige tsakanin haƙora. Yanzu in na ga mai su nakan ce, "Yallabai, ƙeyar nan almakashi zan sa mata, ba zan kankare ba." Wasu su ji haushi. Wanda ya nace, sai ya zo da kilifarsa.

Sifirit da wuta fa? Na san masu fesa sifirit su ƙyasta ashana, wuta ta yi bal a bakin kilifa, kwastoma ya gyaɗa kai. Ni ma na yi a baya. Wutar daƙiƙa 2 ce, saman ƙarfe take lasa, ba ta shiga inda dattin yake, ga ɓata kaifi, ga haɗarin gobara kusa da kwalbar sifirit. Shi kansa sifirit yana da amfani, amma wanda aka sirka zuwa kashi 70 ya fi tsantsarsa aiki, kuma sai ƙarfen ya kasance a wanke, ya kuma jima a jiƙe. Fesawa ɗaya da gogewa da tsumman da ya goge kilifa 20 kafin ita, wannan raba datti ne kawai.

Yadda nake yi yanzu ba wani sirri ba ne, lokaci kawai yake ci. Da na sauke kwastoma, burushi mai tauri ne farko, kilifa a kashe, sannan in kunna ta in fesa mata maganin da aka yi don bakin kilifa har ya jiƙe sharkaf, in ajiye ta minti 10 kamar yadda aka rubuta a gwangwanin. Minti 10 ɗin nan su ne suka sa na ƙara kilifa biyu, ɗaya na hannu, biyu na jira. Mataji da almakashi da robobin da ake sa wa bakin kilifa nakan wanke su da sabulu, in nutsa su a shuɗin ruwan nan na Barbicide, wanda wani Maurice King ya ƙirƙiro a Brooklyn ta Amurka tun 1947. Kashi 1 nasa, kashi 16 ruwa, minti 10 a nutse, kuma kullum da safe a zubar a haɗa sabo. Da na ga gashi na yawo a ciki ba na jiran gobe. Kowane dare ana kwance bakin kilifa a wanke a shanya a sa mai, in ba haka ba tsatsa ta cinye shi, kuma kada wanda ya gwada jiƙa shi a ruwan bilic, na yi asarar baki guda a haka. Reza a gaban mutum nake ɓare ta, a gabansa nake jefa ta a gwangwani mai murfi. Dunƙulen alif da nake dangwala wa duk wanda na yanka na jefar da shi, abu ɗaya yana taɓa jinin mutum ɗari. In an yi jini, wannan kilifar ta gama aikin ranar har sai an kwance ta.

Abin da na fi daɗewa ban lura da shi ba shi ne burushin hoda, mai laushin nan da ake kakkaɓe wuya da fuska. Yana bin kan kowa, daidai lokacin da fata ke ɗanya, kuma ban taɓa wanke shi ba sai in ya yi baƙi. Mutumin ɗakin gwaji ya ce in a shagona aka samu makeron nan, shi ya fi zargin wannan burushin a kan kilifa. Na daina amfani da shi, na koma busa iska da na'urar busar da gashi da kuma takarda mai laushi. Mayafi ma ba ya taɓa wuya yanzu, sai na naɗa takarda tukuna.

To, a saya ko kada a saya? In kana da kilifa ɗaya kana tunanin akwati, sayi kilifa ta biyu da maganin fesawa, ka bar akwati. In kana da waɗannan duka kana neman inda za ka adana kayan da ka riga ka wanke don ƙura da gashi kada su sake hawa, akwatin ya dace, kuma hasken zai taimaka a saman abin da ya haska. Matsayinsa a shagona ke nan yanzu, kabad mai fitila. Kai kuma mai zuwa aski, kada shuɗin haske ya ɗauke maka hankali. Kalli hannun mai askin daga lokacin da na gabanka ya tashi zuwa lokacin da ka zauna. In kilifar da ta sauka daga kan wancan ita ce ta hau naka ba tare da ta huta ba, kana da damar cewa a dakata. Wani ya taɓa ce mini, "Oga, sauri nake, sa hakanan." Na ce ga wata a jiƙe saura minti 4, ya jira yana tsaki, kuma har yau yana zuwa. Dattijon nan mai jaka kuwa na gaya masa komai, ya yi shiru, ya ce, "Allah ya yi maka albarka da ka faɗa," ya koma zuwa da kilifarsa. Ita ma na kwance masa bakinta na nuna masa, don kilifar gida ma tana tara nata, ballantana in 'ya'ya da ƙanne suna ara.

Makon jiya na sake gwada fitilar da ragowar kati ɗaya. A ido tana nan shuɗiya kamar ranar da na saye ta, amma bayan minti 15 katin da ƙyar ya kai ruwan lemo. Na kashe, na zare fulogi, na goge ƙurar da ta lulluɓe ta, na ɗauko rabin katin da na yanka na ɓoye na sake gwadawa, ya ɗan fi, amma bai kai na farko ba. Na aika a kawo mini sabuwa. Tsohuwar akwai sinadarin makyuri a cikinta, ba a fasa ta ba a jefa ta a shara hakanan, saboda haka na naɗe ta a kwali na ɗora a saman kabad, inda hannun yara ba ya kaiwa.